Shaidar Baba Uzairu

Sabuwa ba ta ko warware laffayarta ba sai ta ji muryar Baba Uzairu daga bayan danga.

"Mi sunka ce?"

Ta tsaya a tsakar gida da ledar takardu a hannu, ƙafafunta duk taɓo tun daga bakin kwalta. Ɗiyarta Fauziyya ta riga ta shige ɗaki ta saki labule. Sabuwa ta bi ta 'yar ƙofar karan da ta haɗa gidanta da na maƙwabcinta, ta tarar da Baba Uzairu kishingiɗe a kan angarebu, gadon nan na igiya, ƙafafunsa da suka kumbura suna bisa matashi.

"Abin da sunka ce wancan karon, Baba. Wai sai ta kawo dangin uba. Wan uba, ko ƙanen uba, ko ɗansu, wanda ke da jinsiyya."

"Kin nuna musu taki?"

"Na nuna. Mutumin ma bai yi mana faɗa ba. Ya duba ya ce tawa lafiya lau take, amma shi abin da anka ba shi a rubuce, ta wajen uba ake bi. Ya ce mu yi haƙuri."

Tsohon ya rufe ido, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Karo na uku ke nan da suka je Sinja a daminar nan. Fauziyya ta ci jarrabawar gama sakandare, an ɗauke ta a makarantar koyon aikin jinya, amma ba za a rubuta sunanta ba sai da rakam, lambar ɗan ƙasa da aka fara yankawa bara. Rakam kuwa ba ya samuwa sai da jinsiyya, takardar da ke cewa kai Basudane ne. Za a rufe rajista bayan Babbar Salla.

Ita Sabuwa tana da tata. A nan Hillar Gambo aka haife ta, a bakin Kogin Nilu, tsakanin Sinja da Abu Na'ama, kuma a nan aka haifi ubanta. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Sakkwato tun zamanin da Turawa suka ci ta. Mijinta Alhasan shi ne baƙo. Daga wajen Gusau ya taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya tsinkar auduga, ya yi aure, zazzaɓi ya ɗauke shi yarinyar tana shekara huɗu. Bai bar wa ko ƙane ba a duk faɗin Sudan. Da albasar da take nomawa a gaɓar kogi Sabuwa ta raini ɗiyar har ta kai nan.

"Kira min amaryata," in ji Baba Uzairu. "Ki ce ta ɗauko min akwatin ƙarfe na ƙarƙashin tebur."

Fauziyya ta fito idanunta jajur. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuma ta ce ba ta son tsoho. Yau babu wannan wasan. Ta ajiye akwatin, ta zauna a bakin tabarma.

"Halas, shi ke nan, Kaka, a bar maganar. In shekara ta zagayo in bi Inna gona."

"Albasa ba ta yi miki laifi ba da za ki je ki lalata ta. Buɗe. Akwai wani ɗan littafi mai koren bango."

Duk ƙauyen an san abin da Baba Uzairu ya yi a rayuwarsa. Shekara talatin da takwas ya yi zaune a ƙofar kotun Sinja da ɗan tebur da alƙalami, yana rubuta wa mutane takardar ƙara. Mai rikicin gona, mai rikicin gado, matar da aka hana abincin 'ya'ya, duk ta gabansa suke bi kafin su ga alƙali. Da ido ya yi rauni ya dawo gida. Matarsa Aishatu, ungozomar ƙauyen, ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba. Tun daga ranar, kwanon da ya fito daga tukunyar Sabuwa na farko nasa ne.

"Wannan shi ne dastur," ya ce, "tsarin mulkin ƙasa. Nemo madda ta bakwai, wato sashe na bakwai. Karanta da ƙarfi."

Fauziyya ta karanta da Larabci, a gurguje, kamar mai son ta gama.

"Yanzu faɗa wa Innarki da Hausa."

Yarinyar ta sake duban layin. Wannan karon a hankali ta bi shi. "Ya ce, duk wanda uwa ko uba ɗan Sudan ya haifa, shina da haƙƙin zama ɗan ƙasa, kuma ba mai tauye masa shi."

"Wa anka fara ambata?"

"Uwa."

"To."

Sabuwa ta dubi littafin, ta dubi tsohon. "Baba, shi mutumin ofis bai san da wannan ba?"

"Wataƙila ya sani. Amma shi takardar da ke cikin aljihun teburinsa yake tsoro, don ita ce ke iya raba shi da aikinsa. Alƙali ne kaɗai zai ce masa wannan littafin shi ke sama, waccan takardar tana ƙasa. Don haka ƙara za mu kai."

"Ƙarar wa?"

"Ƙarar shawarar da ofis ya yanke."

Sabuwa ta dafe ƙirji. Ita da ko ɗan sanda ta hango a kasuwa sai ta canza hanya. "Ni Sabuwa mai albasa in kai gwamnati ƙara? Baba, in sunka fusata sunka karɓe tawa ma fa?"

"Ba faɗa za ki yi da su ba, ɗiyata. Maganarsu ce za ki maida musu. Su sunka rubuta, ba ni ba."

Kwana biyu aka yi ana rubuta takardar. Da safe, in rana ta ɗan ɗaga, numfashinsa ya fi daidaita, sai Fauziyya ta zauna da takarda a cinya shi kuma ya riƙa faɗa. Yakan faɗi jimla ɗaya ya huta. Wani lokaci ya sa ta soke kalma, ya ce ta yi zafi, alƙali ba ya son a koya masa aikinsa. Wani lokaci ya ce ta yi sanyi, kamar mai roƙon sadaka. Sabuwa tana gefe tana tsinkar ganyen yakuwa, tana mamakin yadda muryar da ba ta iya kiran mai ruwa daga ƙofar gida take miƙewa tsaf in ta shiga Larabcin kotu.

A rana ta biyu, bayan yarinyar ta tafi mayar da rubutun a takarda mai kyau, Sabuwa ta kawo masa kunu. Ya kurɓa sau biyu ya ture.

"Kin san ni ba ni da ita?"

"Mi, Baba?"

"Jinsiyya."

Ta ajiye ludayin. Shekara arba'in suna maƙwabtaka ba ta taɓa jin wannan ba.

"Ina da shekara ashirin anka yi jarrabawar ɗaukar magatakardan kotu. Mu sittin da wani abu. Ni na zo na ɗaya. Har an auna ni za a ɗinka min kaki. Ranar da za a ba mu takardar kama aiki anka ce kowa ya kawo jinsiyya. Innata 'yar garin nan ce, kaka da kakanni. Ubana kuwa Bakatsine ne, fatauci ya kawo shi, baƙo kamar dai mijinki. A lokacin ba a lissafa uwa." Ya numfasa. "Wanda ya zo na biyu shi ya shiga ciki. Ni na sayi tebur na zauna a waje. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. In ya rasa yadda zai tsara magana, aikowa yake a tambaye ni."

"To da littafin nan ya fito, mi ya hana ka nema?"

"Na haura sittin. Inna ta rasu, duk wanda zai shaide ta ya rasu. Na saye shi dai a kasuwa, na karanta wurin nan, na rufe na ajiye." Ya ɗan yi murmushi. "Tambayar da ke gabana yanzu ba ta jinsiyya ba ce."

Sabuwa ta juya masa baya, ta yi kamar tana korar kaji.

Aka shigar da ƙara, aka sa rana bayan mako uku. Kotu ta ce a zo da takardar shehun ƙauye, wato mai gari, da kuma shaida ɗaya wanda ya san haihuwar yarinyar, tunda a gida aka haife ta. Ungozomar da ta karɓe ta ita ce Aishatu, tana ƙasa. Wanda ya yi mata kiran salla a kunne, ya kuma yanka ragon suna don uban ba shi da kowa, shi ne Baba Uzairu.

A cikin makonnin nan uku jikinsa ya ƙara lalacewa. Kumburin ya hau har gwiwa. Likita a Sinja ya riga ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba shi ƙwayoyi ya ce ya koma gida ya huta. Ya daina kwanciya sosai, sai a jingine, don in ya miƙe numfashi tsayawa yake.

Ana gobe za a shiga kotu Sabuwa ta zo ta durƙusa a gefen gadonsa.

"Baba, na yi magana da liman. Ya ce shi ma shina wurin sunan, zai je."

"Shina wurin cin nama. Bai san ranar haihuwa ba, bai san wa ya yanke cibi ba. Tambaya biyu za a yi masa ya ruɗe."

"Hanyar nan ba za ka iya ta ba. In wani abu ya same ka, da wane ido zan dubi mutane? A ce na kashe tsoho saboda makarantar ɗiyata?"

"Ki ce musu tsohon ne ya ƙi jin magana. Kowa zai yarda."

Da safe Jibo, mai motar a-kori-kura da ke jigilar kayan lambu zuwa Sinja, ya kawo motarsa ƙofar gida. Maza huɗu suka ɗauki Baba Uzairu da gadonsa suka ɗora a baya. Ya sa an fito masa da farar jallabiyarsa da rawani. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, sau biyu motar tana kafewa kafin kwalta, kowane karo Sabuwa sai ta riƙe ƙafar gadon tana salati a zuci. Shi kuwa idonsa yana kan gonakin dawa da suka yi kore shar har iyakar gani.

A ƙofar kotu masu rubuta ƙara suka taso suka kewaye motar. Tsofaffin cikinsu suna ta riƙe hannunsa. Aka zaunar da shi a kujera, mutum biyu suka ɗaga ta. Da suka iso matakala ya ce su dakata. Ya dubi ƙofar ɗakin shari'ar jim kaɗan, sannan ya ce su shiga.

Alƙalin bai kai shekara arba'in ba, siriri ne mai tabarau. Wakilin ofis ya tashi ya yi bayaninsa cikin ladabi, ya ce su ƙa'idar da ke hannunsu suka bi. Alƙali ya rubuta. Ya ɗauki takardar ƙara ya karanta ta har ƙarshe, ya koma farko, ya ɗaga kai.

"Wane lauya ya rubuta wannan?"

"Ba lauya ba ne, Maulana," in ji Fauziyya. "Kakana ne ya faɗa, ni na rubuta."

Alƙali ya ajiye takardar. Ya kira Sabuwa, aka rantsar da ita. Ta faɗi sunanta da na ubanta da na kakanta, ta miƙa jinsiyyarta.

"Wannan da ke tsaye, mece ce ita a wurinki?"

"Yarinyar wajena ce."

"Ɗiyarki ce, ko riƙonta kike?"

Sabuwa ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce. Shekara goma sha tara ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cewa tawa ce a gaban mutane ba. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Haka uwarta ta yi da yayanta, haka kowace mace mai kunya take yi a Hillar Gambo.

"Hajiya, sai kin faɗa da bakinki zan rubuta. Sunanta, da abin da take a wurinki."

Ta ji tarin Baba Uzairu a bayanta. Ba ta waiwaya ba, amma ta san da ita yake.

"Sunanta Fauziyya," ta ce. "Ɗiyata ce. Ni na haife ta, ranar Laraba, da kaka, shekarar da kogi ya ci gonakin gaɓa."

Fauziyya ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska.

Aka matso da kujerar Baba Uzairu gaban alƙali. Magatakarda ya tambayi sunansa da shekarunsa da sana'arsa, sannan ya miƙo hannu.

"Katin shaida."

"Ba ni da shi."

"Jinsiyya? Ko wata takarda mai hoto?"

"Ba ni da ko ɗaya, ɗana."

Magatakarda ya dubi alƙali. Sabuwa ta dubi tsohon a kan kujerarsa. Duk wahalar hanyar nan, ashe a banza. Sai tsohon masinjan kotu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana kiran masu ƙara, ya yi gyaran murya.

"Maulana, a yi min izini. Wannan Ammu Uzairu ne, baffanmu. Ranar da na kama aiki a nan na same shi a ƙofar can. Rabin takardun da ke ɗakin ajiyarmu rubutun hannunsa ne."

Alƙali ya cire tabarau ya dubi tsohon da kyau. "Kotu ta gamsu da ko wane ne shi. A rantsar da shi."

Baba Uzairu ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Ya ba da shaida a taƙaice, ba ƙari ba ragi: ranar, da lokacin, da wadda ta karɓi haihuwar, da abin da ya ji ta bayan danga, da abin da ya yi da aka miƙo masa jaririyar a zane. Sau uku yana tsayawa neman numfashi, alƙali yana jiransa da alƙalami a sama. Da ya gama, alƙali ya tambaye shi ko yana da abin ƙarawa.

"Babu, Maulana. Sauran yana cikin madda ta bakwai, kun fi ni saninta."

Aka ɗaga shari'a zuwa mako biyu.

Bai kai ba. Kwana huɗu da dawowarsu, da hantsi, Sabuwa ta kai masa shayi. Ta same shi a jingine, fuskarsa ta ɗan washe, har ta yi zaton sauƙi ne. Ya tambaye ta ko ta yafa irin albasa. Ta ce sai ruwa ya ja baya. Ya ce kada ta sake sayen iri wurin mutumin bara, rabinsa bai fito ba. Ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska.

"Yau kuma rowar sukari kike?"

"Likita ne ya ce a rage."

"Likita ba ya nan. Ƙaro min."

Ta tashi tana dariya ta tafi gidanta. Ba ta fi minti biyu ba. Da ta dawo da gwangwanin sukarin, kofin yana nan a hannunsa bisa cinya, ko ɗigo bai zube ba, kansa ya ɗan karkata gefe. Ta kira shi sau biyu. Ta zare kofin a hankali ta ajiye a ƙasa, ta shafe masa idanu, ta yi salati. Sannan ta fita neman liman.

Kafin azahar aka kai shi. Ba a taɓa ganin motoci da yawa haka a Hillar Gambo ba. Mutane suka zo daga Sinja, daga Dindir, daga ƙauyukan da Sabuwa ba ta taɓa jin sunansu ba. A wurin zaman makoki wata tsohuwa Balarabiya ta kama hannunta ta ce gonar da take ci yau, takardar mutumin nan ce ta ƙwato mata ita shekara talatin da suka wuce. Da yake ba shi da kowa, Sabuwa aka riƙa yi wa gaisuwa, ita kuma ta karɓa.

Ranar da aka sa, suka koma kotu su biyu. Ba a daɗe ba. Alƙali ya karanta cewa tsarin mulki ya ba ɗan da uwa Basudaniya ta haifa haƙƙi daidai da wanda uba ya haifa, kuma ba wata ƙa'idar ofis da za ta rinjaye shi. Ya soke shawarar, ya ba da umarni a yi wa Fauziyya takardunta. Kwana tara bayan nan ta karɓi rakam, aka rubuta sunanta a makaranta ana saura kwana biyu a rufe.

Ana jibi za ta tafi, da la'asar, suna zaune a tsakar gida ana ɗaure kaya, hadari yana haɗuwa ta gabas. Sabuwa ta ce ta ɗauko kwafin hukuncin ta karanta mata duka, tun daga farko, don a kotu tsoro bai bar ta ta ji komai ba. Fauziyya ta riƙa karantawa tana mayarwa da Hausa. Ta wuce bayanin wakilin ofis, ta wuce na uwarta da sauri. Da ta zo shafi na biyu sai ta tsaya.

"Mi ya faru?"

"Wurin shaida ne, Inna. Inda magatakarda ke cike suna da sauransu." Ta sake duban layin. "Ya rubuta: Uzairu Gambo, shekara saba'in da biyu, marubucin ƙara, mazaunin Hillar Gambo, Basudane."

Sabuwa ta saki igiyar da ke hannunta.

"Sake faɗi."

Ta sake.

"Nuna min wurin."

Fauziyya ta matso ta nuna mata kalmar, 'yar gajeruwa, a ƙarshen layi. Sabuwa ba ta iya karatu ba. Ta ɗora yatsanta a kai, yatsan da ƙasar gona ta faffasa, ta bar shi a nan. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a gefen takardar.

"Inna, za ta jiƙe."

Sabuwa ta jawo gefen laffayarta ta rufe takardar da hannun gaba ɗaya, ba ta tashi ba.